Ranar da Na Ƙwace Banjo a Hannun Babana

A lokacin ina aikin jinya a wani asibiti kusa da Greenbelt, shekarata goma sha ɗaya a Amurka, kuma ni ce sakatariyar ƙungiyar matan Arewa ta yankinmu. Mace ce ni mai ji da kai, ba zan ɓoye ba. Abu ɗaya na binne tun zuwana: mahaifina makaɗin gurmi ne. Duk wadda ta tambaya sai in ce manomi ne, don na san bakin matanmu, yau a kira ki 'yar maroƙi, gobe 'ya'yanki su gaji sunan. Abin haushin kuma, ni ɗin nan in cunkoso ya riƙe ni a hanya ba abin da nake kunnawa sai kiɗan ƙauyen Amurka na banjo da goge. Banjo fata ce da tsirkiya, ɗan'uwan gurmi ne sak, shi ya sa yake taɓa ni.

Da Baba zai zo aikin ido, na ce masa kada ya taho da gurminsa, wai za a ƙwace a filin jirgi. Ƙarya nake. Ya ce to. Sati uku yana zaune a falo shiru, yatsunsa na motsi a kan gwiwa.

Maƙwabcinmu wani dattijon Bature ne, kullum da yamma yana bakin ƙofarsa da banjo. Ranar Asabar ɗin da matan ƙungiya za su zo gaida Baba bayan la'asar, ina kicin ina suyar waina sai na ji kiɗan ya canza. Nan take na gane wannan hannun. Na leƙa, sai ga Baba a kujerar maƙwabcin, ido ɗaya a rufe da auduga, ya rungume banjon yana dukan tsirkiya da bayan farce. Baturen ya ɗauko goge yana bin sa. Ba mai jin yaren wani, amma in Baba ya ja kiɗan sai gogen ya amsa, in ya sassauta ya jira shi. Wallahi na sha zuwa wuraren kiɗan nan har cikin duwatsun Virginia, ban taɓa jin abin da ya kai wannan ba. Na tsaya da cokali a hannu, waina na ƙonewa.

Sai wayata ta yi ƙara, shugabarmu ce, wai sun shigo layinmu, wane gida ne? Innalillahi! Ban san lokacin da na tsallaka ciyawar da ke tsakanin gidajenmu ba. Baba ya buɗe baki zai fara waƙa ke nan na fizge banjon. Na ce masa cikin faɗa, don Allah Baba kada ya tona mini asiri, ya tashi mu shiga. Ya ɗago ya dube ni da idon nan guda, ya tambaye ni a hankali ko shi ne asirin. Ni kuwa na juya ina kallon motoci suna fakawa.

Ya karɓi gaisuwar baƙin da fara'a. Da wata ta tambaye shi ya gona, ya ce gona lafiya lau. Har ya koma gida bai sake leƙa maƙwabcin ba, bai kuma tayar mini da maganar ba. Ni ma girman kai ya hana ni, ina ta cewa sai na je hutu zan durƙusa in roƙe shi. Bayan wata bakwai Allah ya yi masa rasuwa.

Da maƙwabcin ya zo ta'aziyya, ya ce ya koyi kiɗan Baba amma rabi ya samu, ko na san ƙarshensa? Ban sani ba, ban taɓa zama na saurara ba. Har yau yakan kaɗa shi da yamma, ya tsaya daidai inda na fizge, ni kuma ina kicin ina ji.

Na tsare sunana, matan ba su sani ba har na faɗa musu da bakina, kuma ba abin da ya ragu a jikina. 'Yan'uwana da ke ƙasar waje, sana'ar da iyayenku suka ciyar da ku da ita kada ku mai da ita abin ɓoyo. In kun ɓata musu, ku nemi gafara yau, kada ku jira hutu.