Matar Indiya da ta sa mahaifiyata kuka a Tanout

Shekarun baya, ƙasarmu ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, aka turo ni Tanout koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Saurayi ne ni sabon fitowa daga Damagaram, ina da wando guda mai karin guga da faransancin da nake jin babu kamarsa a duk yankinmu na Damargu. Kowa Mushe yake kirana, wato malamin makaranta, ni kuma ina amsawa da ɗaga kai.

A daminar shekarar nan mahaifina ya rasu a ƙauyenmu, kusa da Gangara. Zazzaɓi ne ya kama shi ana tsakiyar noma, bai ga gero ya yi kai ba. Mahaifiyata ta yi takaba ta gama, amma ba ta dawo yadda muka san ta ba. Ba ta yi kuka ba ko ranar jana'iza. Ta daina hira, abinci sai ta taɓa ta ture. Mace mai jiki da dariya ta koma kamar karan dawa. Kawuna, ƙaninta, ya je ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa a Tanout ko sauyin wuri zai yi amfani. Aka yi rubutu, aka kai ta likita, shiru. Wata rana kawuna ya ja ni gefe ya ce, "Mushe, in Yaya ta ci gaba a haka, ba za ta ga wata damina ba."

Bayan kaka, sanyi ya fara shiga, sai ga wani ɗan kasuwa daga Damagaram da mota da injin silima. Ya kafa sanduna biyu a filin ƙofar gidan kawuna, ya ɗaura farin ƙyalle. Fim ɗin Indiya ne, da rubutun faransanci a ƙasa, don haka aka nemi mai fassara. Wa za a nema in ba ni ba? Maza suka zauna ta gaba, mata suka shimfiɗa tabarmi ta bayan ƙyallen, tun da hoton yana fitowa ta can ma. Matar kawuna ta yi ta lallashin mahaifiyata. "Yaya, ki fito ko iska ki sha. Ɗanki ne zai yi tafinta, ki zo ki ji abin da aka koya masa." Da kyar ta fito.

Da magariba ta wuce aka tayar da inji. Na tsaya gefen ƙyalle ina ta zuba. Rubutun yana gudu, ni ina binsa a guje, inda ya tsere mini in ƙirƙiro nawa. Har na sa wani attajirin Indiya ya rantse da kabarin kakansa, alhali ruwan sha ya nema.

'Yar wasan da ta ja fim ɗin na taɓa ganinta a wani fim a Damagaram tana 'yar budurwa, tana rawa cikin gonar furanni. A nan kuwa matar wani manomi ta fito, mijin ya mutu a tsakiyar labarin. Na zaci za ta faɗi tana birgima kamar yadda aka saba. Ba ta yi ba. Aka nuna ta a ɗakin girki ta sauke tukunya, ta zuba abinci a kwano ɗaya, ta zuba a na biyu, ta ɗauka ta nufi ƙofa. Sai ta tsaya cak. Ta dubi kwanon, ta dubi ƙofar. A hankali ta koma ta juye abincin cikin tukunya, ta goge kwanon da bakin zaninta, ta rasa inda za ta ajiye shi.

Babu rubutu ko ɗaya a wurin, amma ni bakina ya riga ya saba. Na fara, "To jama'a, a nan tana tunanin cewa..."

Sai na ji murya daga bayan ƙyalle. "Kai, yi mana shiru."

Mahaifiyata ce. Rabon da in ji ta ɗaga murya tun mahaifina na da rai. Na leƙa, na gan ta ta miƙa wuya, hasken yana kan fuskarta, tana gyaɗa kai tana cewa, "Haka ne. Wallahi haka ne." Daga nan kuka ya ƙwace mata, irin kukan da ake yi da dukan jiki. Matar kawuna ta rungume ta, suka shiga gida. Na ƙarasa fassarar ban san abin da nake faɗa ba.

Da safe na je gaishe ta, na tarar da ita da ƙwaryar fura a gaba, tana sha. Na durƙusa na ce, "Inna, an tashi lafiya?"

Ta ce, "Matar nan ta jiya, mijinta ya daɗe da rasuwa?"

Na ce, "Inna, ai wasa ne. Sana'arta ke nan, biyan ta ake yi."

Ta dube ni kamar na yi wauta. "Kai yaro ne. Kullum safiya sai na dama wa mahaifinka fura a ƙwaryarsa, sai na kai bakin zaure in tuna. Ban gaya wa kowa ba. Wanda bai ɗanɗana ba, ina zai san da goge kwanon nan?"

Ranar ta yi ta ba mu labarin mahaifina har rana ta take. Kafin sanyi ya wuce ta mayar da jikinta, ta ce a kai ta gida, gonarta na jira.

Bayan 'yan shekaru na sake ganin 'yar wasan a Damagaram, wannan karon mai sayar da kayan miya ce mai tsiwa, tana korar masu ciniki da ludayi, silima duk ta ɗauki dariya. Da na je ƙauye na ba mahaifiyata labari, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ita ma Allah ya sanyaya mata."

Sai da na tsufa jikata ta nemo mini labarinta a waya. Ashe a harsuna biyu take wasa, Hindi da Bengali, kuma ba ta ajiye sana'ar ba har furfura ta rufe mata kai. Ta yi budurwa, ta yi uwa, ta yi kaka. Na kalli wani guntun wasanta na tsufa, ba na jin ko kalma, amma da ta ɗaga ido na gane abin da ke damun tsohuwar da take kwaikwayo.

Na koyar da yara har na yi ritaya, na yi surutu mai yawa a duniya, amma ban taɓa isar da magana yadda matar nan ta isar ba tare da buɗe baki ba. Ba ta san akwai wani gari Tanout ba. Mahaifiyata kuwa har ta koma ga Allah, in ta idar da salla tana lissafo zawarawan ƙauyenmu tana roƙa musu sauƙi, sai ta ƙara da cewa, "da baiwar Allahn nan ta Indiya."