Na'urar da Baba Mani ya yi wa raino kamar goro

Har gobe ina tuna Talatar da na kusa aika irin shinkafar ƙauyuka huɗu injin casa. Lokacin ina malamin gona a Argungu, ina kula da ma'ajiyar iri ta wata ƙungiyar manoma, saura 'yan makonni damina ta faɗi.

Shugabarmu, Hajiya Kulu, ta aiko mana daga Birnin Kebbi da wata 'yar na'ura irin wadda ake ajewa a falo, mai nuna laimar ɗaki a waya. Ƙa'idar aikinmu ita ce, in laima ta yi yawa iri yakan yi fumfuna, ba a raba shi, sai dai a cashe a ci. Na miƙa wa mai ajiyarmu, Baba Mani, na ce masa kada zafi ya taɓa ta.

Kwana uku lambar laima tana sama da tamanin, a tsakiyar bazara! Hajiya ta kira ni. "Malam Sani, in ba ta sauka ba zuwa Alhamis, a kwashe irin." Ga shi manoman nan ba su da wani iri.

Na hau babur na tafi. Baba Mani ya ɗebi ƙwaya ya ciza, ta ce ƙas.

"Yaro, irin ga da munka shanya sati biyu? Wallahi lahiya lau shi ke."

"To ina na'urar, Baba?"

Ya kai ni lungu yana taƙama. Ga ta bisa murfin randa, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu.

"Kai kac ce kar ta sha zahi. Sahe da marece nika yayyafa mata ruwa, awa goro."

Dariya ta kusa kayar da ni. Na goge ta, na rataye ta tsakanin buhuna, muka zuba wa wayata ido. Saba'in. Sittin. Da ta sauka ƙasa da arba'in na daka tsalle ina kabbara, na kira Hajiya na yi mata albishir. Ranar Alhamis rabon iri muka yi.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba, labarin inda aka aje ta ta bayar. Shi ma dattijo umarnina ya bi da zuciya ɗaya. Laifin nawa ne da na faɗa masa abin da zai yi, ban gaya masa abin da muke aunawa ba.