Takardar mutuwar Halilu direba

Ranar Talata 9 ga Maris 2004 ne Rilwanu, magatakarda a buron rajistar haihuwa da mutuwa, ya fara ganin Inna Lubabatu. Daga Malbaza ta zo, da hoton mijinta Halilu ƙunshe a bakin zane.

Halilu direban motar siminti ne. A shekarar 1983, zamanin mulkin soja, sojoji suka sauke shi daga mota a Tsarnawa suka tafi da shi, wai ya ɗauko wani ɗalibi da suke nema. Motar ta dawo, shi kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Malamai sun daɗe da ba ta izinin yin takaba, ta ƙi, ta ce sai gwamnatin da ta ɗauke shi ta rubuta cewa ya mutu.

Rilwanu ya ce, "Inna, doka sai da shaidu biyu waɗanda suka ga gawa."

Ta ce, "To ɗana, kira waɗanda suka kashe shi mana, ai su suka gani!"

Kowace shekara bayan girbin gero takan dawo, shi kuma ya rubuta ranar zuwanta, ya maimaita mata doka. Ya san akwai hanyar kotu, amma tsoron tono zancen soja ya hana shi nuna mata, abin da yake cin ransa har yau.

Inna Lubabatu ta rasu a Malbaza cikin Yuni 2019, ba ta yi takaba ba. A rajista, Halilu yana cikin masu rai.