Sabuwar Tukunya a Bario

Litinin: Kampung Baru zuwa Miri

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba na fito daga ɗakinmu a unguwar Kampung Baru, cikin babban birnin ƙasar da nake karatu, ko ladanin unguwa bai motsa ba. Abokin zamana Malam Sani ya rako ni bakin titi rungume da wata jaka da ya shirya mini: garin rogo, ƙuli-ƙuli, taliyar leda, da kilishin da aka aiko masa daga Kano.

"Riƙe wannan da kyau, Bashir," in ji shi. "Mutanen can ba Musulmi ba ne fa. Ba ka san me ya shiga tukunyarsu ba."

Sani bai taɓa wuce Melaka da ke nan kusa da mu ba, amma in yana ba ka labarin gari sai ka rantse can aka binne cibiyarsa.

Ni ɗalibin kimiyyar ƙasar noma ne. Inda na nufa shi ne Bario, wani ɗan gari a ƙololuwar duwatsun jihar Sarawak, can ƙetaren teku, dab da iyakar Indonesiya. Malamin da ke duba aikina ya ce babina na ƙarshe ba zai tsaya ba sai da ƙasa da zangarniyar shinkafa daga gonar da ba ta taɓa ganin takin zamani ba. An haɗa ni da wata dattijuwa mai irin wannan gona. Girbi ya zo ƙarshe, tallafin karatuna kuma bana zai ƙare. In na rasa wannan kaka, shi ke nan, sai in koma gida da akwati ba takarda.

Tasi ta kai ni tashar KL Sentral a minti goma, bas ta kai ni filin jirgi a awa ɗaya, can na yi sallar asuba. Mun tashi bakwai da rabi, muka sauka Miri, wani birni a Sarawak, goma saura. Ƙasa ɗaya ce, amma sai da wata jami'a ta karɓi fasfona ta buga masa hatimi, don Sarawak da tata ƙofar take. Na kwana a wani masauki kusa da kasuwa.

Talata: Miri zuwa Bario

Jirgin Bario bai fi doguwar bas girma ba. Kafin ka shiga sai an auna kayanka, sannan kai ma ka hau sikeli kamar buhun masara. Bututun haƙar ƙasa da robobina na zuba ta suka cinye kilo goman da aka yarje mini. Da aka ɗora jakar Sani, ma'aikacin ya girgiza kai.

"Tak boleh, ba zai yiwu ba, jirgi ya cika. Ko wannan, ko waccan."

Na yi magiya, na yi murmushi, har Turancin jami'a na zuba, bai ko ɗago ba. Haka na ba da jakar ajiya, na cusa ɗan kilishi a aljihu.

Minti hamsin muka yi a sama, ƙarƙashinmu daji ne baƙi ƙirin ba ko rufin gida. Can sai duwatsu suka buɗe, ga kwari shimfiɗe, gonakin shinkafa sun yi jawur. Ina saukowa wani sanyi irin na Mambila ya doke ni.

Lian, ɗan dattijuwar, magidanci ne mai yawan dariya, shi ya ɗauke ni a a-kori-kura. Gidansu dogo ne na katako, iyalai da yawa ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa da murhunsa a jere. A bayan gidan na hango kejin aladu, maganar Sani ta faɗo mini.

Mahaifiyar tasa, Sina Supang, gajeruwa ce, fatar kunnuwanta ta sauko har kusan kafaɗa. Ta riƙe hannuna da nata biyu, sannan ta ajiye mini wani abu ƙunshe a ganye da kwanon miyar kaza yana tururi. Ƙamshin ya ratsa ni, amma na dafe ciki.

"Na gode, Sina. Na ci a Miri."

Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta ɗauke. Da na tambayi zancen gona ta bakin Lian, sai ta ce gobe.

Laraba: bakin iyaka

Da safe na sha shayi da abarba, na kuma ƙin ƙunshin ganyen. Na sake tambayar gona, aka sake cewa gobe. Daga baranda ina kallon maƙwabta suna yankan shinkafa, kowane dami da aka ɗauka sai in tuna lokaci na ƙure mini. Kilishin aljihu ya ƙare tun jiya, yunwa kuwa ba ta san digiri ba.

Da azahar Lian ya ce in zo ya nuna mini hanyar iyaka, ko na rage zaman jugum. Tafiyar kusan awa ɗaya ce a ƙafa, hawa ne zalla, ina haki yana waƙa. Muka iske wani ɗan sansanin soja. Wani kofur Musulmi ya yi mini sallama, ya ba ni buta da tabarma na yi salla. Da na idar ya zauna kusa da ni.

"Kai ne baƙon Sina? Yaya kazar, ta yi daɗi?"

"Wace kaza?"

"Wadda na yanka mana. Jiya da sassafe ta hawo nan da ita a hammata, ta ce baƙonta Musulmi ne, in yanka yadda muke yi. Yau ma ta kawo wata, wai ko ba ka cin kwantai. Tukunyar ma sabuwa ce, tun mako biyu ta sa aka sayo a Miri, da cokali da kwano."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na dubi hanyar da ta kusa kashe ni, na tuna shekarun matar nan. Na tuna Innata a Kura, wadda in baƙo ya bar mata abinci ko rabi ne sai ta yini tana tambayar me ta yi masa. Ni da aka haifa a gidan, ni ne na tsallako teku na zo na yi wa tsohuwar wani haka.

A hanyar dawowa na ce, "Lian, me ya hana ka gaya mini?"

"Mama ta hana. Ta ce ba a yi wa baƙo gorin abinci. Ta kuma ce wanda ke tsoron tukunyarta, me zai yi da ƙasarta?"

Da muka iso na ga tukunyar, rataye ita kaɗai nesa da sauran, ko takardar kanti ba a ɓare daga murfinta ba. Na wanke hannu, na zauna a gaban murhu, na haɗa ɗan Malayancin da nake da shi, yaren ƙasar.

"Sina, ina jin yunwa."

Sai ta miƙo ƙunshin. Ina buɗe ganyen sai ga tuwon shinkafa, fari sol, mai laushi, irin wanda ake tuƙawa a gidanmu ranar Juma'a. Kwana biyu ina gudun tuwo! Malmala uku na tashi da su, ina ci ina sharce hanci, ita kuwa tana dariya har kunnuwanta na rawa.

Alhamis: gona

Ƙarfe shida ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da 'yar wuƙarta a hannu. Muka ratsa kunyoyi cikin hazo, tana gaba ba takalmi. Ita ta nuna mini inda zan haƙa, ita ta yanko zangarniyar da hannunta, tana zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar robobina ashirin da huɗu sun cika.

Juma'a: komawa

Da safe ta ɗaura mini shinkafa a ƙyalle da ɗan gishirin garinsu. Ta nuna tukunyar ta yi magana, Lian ya fassara: "Ta ce tana nan rataye. In za ka turo wani ɗan'uwanka, ka gaya masa ya taho da yunwarsa."

Na karɓi jakar Sani a Miri yadda na bar ta. Bayan isha na isa Kampung Baru, na ajiye masa ita a gabansa. Ya zuge, ya ga ko ƙulli ba a kwance ba, ya zaro ido.

"To me ka ci a can?"

"Tuwo," na ce. "Ɗora ruwa, yau kai ma za ka ci."

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Lian, da kofur mai buta. Ita kuwa Sina Supang godiya ta yi kaɗan. Abin da nake nema a wurinta shi ne ta yafe mini kazar farko.