Kaset ɗin Kaka

Duk danginmu sun ɗauka rakodar taubashiyata nake wa hassada. Ba su fahimci komai ba. Rakoda ce mai kai ɗaya da Kawu ya sayo mata, murfin batirinta ma da ƙyalle ake ɗaure shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kaset guda da ke cikinta, mai ɗauke da muryar Kaka, mahaifiyar Innarmu.

An ɗauki muryar a Kurfi ina makarantar kwana. Kaka ta yi waƙar niƙa, ta jero kakanninmu tun daga waɗanda suka sari daji a Barkiya, sannan ta bi jikokinta ɗaya bayan ɗaya tana tsokana tana sa albarka. Kafin damina ta rasu. Kaset ya zauna hannun 'yar Kawu, don ita ta danna maɓalli, kuma tun daga ranar ta zama babbar mace. Duk wanda kewar Kaka ta kama sai ya tafi ɗakinta, ya zauna a tabarma, ya jira ta ga dama.

Ni kuwa na gama sakandare na sami aikin buga tafireta a wani ofis a Dutsin-Ma. Babban akawunmu mutumin kudu ne, Kirista, kuma ba ya karɓar takarda guda. Sai na jera farar takarda uku da kabon a tsakani: ɗaya ta shiga fayil, ɗaya a aika Kaduna, ɗaya a kai kabad ɗin wani gini daban. Na taɓa ce masa ɓarnar takarda ce. Bai yi musu da ni ba, ya dai buɗe mini wani tsohon kabad da gara ta mayar ƙasa. Daga nan duk lokacin da na zare kabon sai kaset ɗin nan ya faɗo mini a rai, shi kaɗai, ana ta murza shi.

Na je Kurfi ranar kasuwa na sami taubashiyata.

"Ba ni kaset ɗin yini ɗaya. Akwai mai sayar da kaset kusa da ofishinmu, yana da rakoda mai kai biyu. Zai juya mana."

"Ji baiwata da iyayi," in ji ta, don ni 'yar mace ce, ita 'yar namiji. "An koyi buga tafireta, yanzu Kaka ma za a yi mata kwafi uku?"

"Zaren zai tsinke wata rana."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. In kowa yana da nasa, wa zai ƙara tako ɗakina?"

Goggo da ke tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Ke dai ki yi haƙuri, in kin ɗauki albashi kya sayi taki rakodar." Har Inna ta yarda cewa ƙyashi ne. To, ƙyashin ne, amma ba na abin da suke zato ba. A kaset ɗin Kaka ta daɗe a kan taubashiyata, ta yabi tuwonta, ta yabi zamanta. Ni 'yan kalmomi kawai na samu, kuma ban taɓa jin su da kyau ba, don da an iso wurin sai yara su fashe da dariya, ni kuma in tashi in fita cikin fushi.

Bayan ƙaramar sallah rakodar ta cinye zare. 'Yar Kawu ta jawo shi da biro, ta yanke inda ya cukuikuye, ta liƙe da jan farce. Da na je ta kunna mini ba tare da ta kalle ni ba. Kaka ta gama da yayana, aka ji ƙas, sai ga ta a kan ƙanena. Wurina ne ya tafi.

"Me ta ce a kaina?" na tambaya.

Sai ta gyara zama, ta karya murya, ta faɗe shi tiryan-tiryan, har da tarin da Kaka ta yi a tsakiya: "Ita kuma wannan mai gaggawar, ko gaisuwa a tsaye take yi. Ku ƙyale ta, ni ce na dawo. Allah ya sa ta iske abin da take sauri a kai."

Na ji kamar in shaƙe ta. Ta saurari kaset ɗin nan har ta haddace, kuma abin da Kaka ta bar mini yanzu babu shi ko'ina sai a bakinta.

A motar komawa Dutsin-Ma na yanke shawara. Zan sayi kaset uku sababbi, in aro rakoda mai kai biyu, in kai ta har ɗakin taubashiyata tunda ba ta yarda kaset ya fita ba. Zan ce mata inda zaren ya yanke muryarta za a sa ta cike, kowa ya ji ta tare da Kaka. Na san ta, ba za ta iya ƙin wannan ba. Kaset ɗaya zai zauna wurina, ɗaya wurin Inna, ɗaya in kai wa ƙanwar Kaka a Wurma. In ta kira ni baiwa ranar, zan amsa, in zauna a tabarma har ta gama.