Neman Hujjar Tankin Babana

Daga Kano zuwa Gujungu

Ana idar da sallar asuba ranar Lahadi na rataya jaka na fito. Maiɗakina Binta ta biyo ni har zaure da filas ɗin shayi tana cewa, "Malam, mutane na tafiya biki, suna tafiya ta'aziyya, kai kuma za ka tafi gaida tanki." Na ce mata ba za ta gane ba. Ta ce tun aurenmu ba ta gane ba, kuma lafiyarta ƙalau.

Bari in yi muku bayani, kada ku ma ku bi bayanta. Tun da na yi ritaya daga koyarwa na shiga aikin sa kai a wannan kundin ilimin na intanet da kowa ke iya gyarawa. Ɓangarena jirgin ƙasa, musamman layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru. Ba a biyan ko sisi, ni nake sayen data ma. Cikin shafukan da na rubuta akwai wanda na fi ji da shi, na Garin Tanki, wata 'yar tasha gabas da Malam Madori inda jirgin kwal ke tsayawa ya sha ruwa. Marigayi babana ne mai famfon tankin. A can aka haife ni, muka taso ina ƙarami, ban kuma sake komawa ba.

Kwatsam sai wani ɗan'uwa mai gyara, wanda ya raɗa wa kansa suna Mai Tsintsiya, ya bi shafin jimla bayan jimla yana liƙa "ana buƙatar hujja". Da ya gama sai ya kai shi gaban jama'a, ya ce in ba a kawo madogara zuwa Alhamis ba a goge shi. Dokar kundin ita ce, abin da ka gani da idonka ko kakarka ta faɗa maka ba hujja ba ne, sai wanda aka buga ko aka watsa a wani wuri. Ni kaina na sha liƙa wa mutane wannan tambarin ina jin daɗi. Ashe haka yake da zafi! Wani abokina da ke aiki a gidan rediyo ya ce in na ɗauko masa muryar dattijon da ba danginmu ba yana ba da tarihin tashar, zai sa a shirinsa na Laraba, shi ke nan ta zama hujja. Abin da ya fito da ni ke nan.

A tashar 'Yan Kaba na sami ƙaramar mota mai zuwa Haɗeja, aka cusa mu biyu a gaba, giya tana bugun gwiwata. Direban, wani dogo mai suna Sabo, ya tambaye ni ko shinkafa zan saro. Da na faɗa masa aikina sai ya ce, "To Alhaji, nawa suke biya?" Na ce kyauta ne. Sai da muka wuce Gezawa sannan ya ce, "Allah ya ba da lafiya."

Bayan Ringim, duk inda layin dogo ya matso kusa da titi sai in miƙa wuya ta taga. A wani shingen bincike jami'in ya leƙo ya ce mene ne a jakar. Na ce igiyar awo ce da caja da man zafi. Kafin in ƙara bayani Sabo ya ɗan taɓa gefen kansa da yatsa, jami'in ya yi mini sannu cikin tausayi ya ɗaga mana hannu. Na gani sarai, na dai ƙyale.

Ranar kasuwar Gujungu ce, titi ya cushe da tumaki da buhunan riɗi. Muka tsaya na ci waina da miyar taushe mai zafin gaske, na kora da shayin Binta. Ko ba ta gane tanki ba, ta gane citta.

Haɗeja

Daga Kaugama zuwa gaba sai ruwa hagu da dama, don ƙarshen damina ne kogi ya yi amai. Shinkafa ta yi kore shar, ciyawar kacalla ta cinye bakin ruwa, masunta suna ɗaga wa motoci tarwaɗa a gefen hanya. Ana kiran azahar muka shiga gari.

Na sauka gidan Gwaggo Yagana, ƙanwar babana, wadda tsufa ya rage mata gani amma bai taɓa bakinta ba. Ta sa aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kuka ta banda, ta zauna kusa tana sauraron lomata. Da na ba ta labari sai ta ce, "To ai ga ni. Ni nake kai wa Yaya abinci gindin tankin nan. Kunna abin naka."

Na ce, "Gwaggo, ai ke dangi ce, ba za su karɓa ba."

"Wane ne ba zai karɓa ba?"

"Mai Tsintsiya."

"Ɗan gidan wa?"

Na ce ban taɓa ganinsa ba, ban ma san ko namiji ne ko mace ba. Ta tafa hannu ta yi salati. "Wato wanda ba ka san ubansa ba, shi zai ce ubanka bai yi aiki ba, kai kuma ka biya kuɗin mota ka zo? Ajiye cokalin nan, mara hujja ce ta dafa." Sai da na yi ta ban baki sannan aka bar ni na ƙarasa. Daga baya da ta huce ta ce in je wurin Alaramma Bukar, limamin Garin Tanki, shi kaɗai ya rage a can cikin waɗanda suka ga jirgin kwal, kuma abin da ya shiga kunnensa sau ɗaya ba ya fita.

Malam Madori zuwa Garin Tanki

Litinin da sassafe na hau mota zuwa Malam Madori. Baƙi da yawa ba su san dogo bai shiga cikin Haɗeja ba, nan ce tasharta. Na fara yi wa fasinjan kusa da ni wannan bayani, ya ce shi ɗan garin ne, ya juya ya kalli taga.

Daga nan sai acaɓa. Mun yi tafiya mai ɗan nisa cikin gonakin gero, hanya ta nutse a ruwa, mai babur ya ce iyakarsa ke nan. Na shiga kwalekwale tare da wata Bafillatana da ƙwaryar nononta da akuya guda wadda ta ƙura wa jakata ido har muka tsallake. Mai fito ya ce in hau tudun dogo in miƙe gabas, shi kaɗai ne busasshen wuri. Haka na yi ta taka katakon dogo, mata sun baza shanyar shinkafa a gefe, gwiwata tana tuna mini giyar Sabo.

Sai ga tankin. Na ciro waya na ɗauke shi hoto. Yana nan a kan dogayen ƙafafunsa, ya yi tsatsa, shamuwa ta yi sheƙa a kansa. Na tsaya na yi wa Baba addu'a, hawaye ya zo mini ban hana shi ba. Da na share ido kuma sai na lura da wani abu. A shafina na rubuta cewa tankin yana kudu da dogo. Ga ni ina fuskantar gabas, ga tanki a hannun hagu. Arewa yake! Tunanin yarinta ne ya juya mini shi.

A inuwarsa na sami Alaramma Bukar bisa buzu, da dattawa kewaye da shi. Na gaishe su, ban faɗi ko ni ɗan wane ne ba don kada a yi mini kara. Na ce tarihin tashar nake nema don rediyo. Alaramma ya gyara zama ya ce, "Ka zo inda ya dace." Na kunna waya, zuciyata fari ƙal.

Ya rufe ido ya fara, da irin muryar tilawa: "Garin Tanki ƙaramar tashar jirgin ƙasa ce a ƙasar Haɗeja, ana buƙatar hujja. A nan jiragen kwal ke tsayawa su sha ruwa, ana buƙatar hujja. Tankin yana kudu da layin dogo, ana buƙatar hujja."

Dattawa suna gyaɗa kai. Ni kuwa nan take na gane. Rubutuna ne, ba ƙari ba ragi, har da sharar Mai Tsintsiya.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a ina aka samo wannan?"

"Ɗana Habu, malamin firamare, shi ya karanta mana daga waya. Duniya ta san da mu. Ranar har shinkafa aka dafa."

"Amma Malam, ai tankin nan a arewa yake. Ga shi muna zaune gindinsa."

Ya buɗe ido ya dube ni sama da ƙasa. "Mu ma da haka muka ɗauka. Amma a rubuce kudu yake. Masu ilimi ne suka rubuta, su da suke hango ƙasa daga sama. Kai wane ne da za ka ja da su?"

Babu yadda zan yi, na ce ni ne na rubuta. Wani dattijo ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Alaramma ya ce in ji tsoron Allah, wanda ya yi wannan aiki ba zai zo da laka har gwiwa ba. Sai na ce ni ɗan Musa mai famfo ne.

Alaramma ya kamo hannuna ya jawo ni kusa. "Musa? Kai ne mai kukan nan da ake goyawa?" Muryar tilawa ta tafi, ta hira ta dawo. Ya ce wata shekara da rani rijiyoyi suka ƙafe, Baba ya riƙa buɗe wa mata famfo suna ɗiba, kullum yana cewa tulu ɗaya ɗaya, kullum kuma ba ya ƙirgawa. Ran nan jirgi ya iso da ƙishirwa, tanki wayam. Sai da gari ya fito, maza da mata, aka yi ta jido daga fadama ana ɗura wa jirgi da tulu, direba yana zagi, Baba yana ba shi haƙuri da goro. "Da ruwan ubanka aka yi wa matata wankan jego," in ji shi. Na yi dariya, na yi kuka, ban taɓa jin wannan labari ba. Da na duba waya ashe caji ya ƙare tun a "ana buƙatar hujja" na uku.

Komawa gida

A Haɗeja na sa caji na saurari abin da na ɗauka. Gwaggo ta ce, "To mene ne? Ka yanke wutsiyar nan ta 'ana buƙatar hujja' ka kai rediyo. Wa zai sani?" Ba zan ɓoye muku ba, har mota ta kai Taura ranar Talata ina wannan lissafin. Amma ina! In kafa hujja da Alaramma, shi kuma da ni ya kafa, ga tanki a kudu har abada da sa hannun rediyo? Ban kai rediyon ba. Na iso gida bayan la'asar, na buɗe shafin na mayar da tanki arewa, na ɗora hoton da na ɗauka. Mai Tsintsiya ya rubuta mini cewa hoton ya yi kyau, amma ido ba madogara ba ne.

Ranar Alhamis aka goge shafin. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko tuwo ban iya ci ba, Binta ma ba ta tsokane ni ba.

Washegari bayan Juma'a wayata ta yi ƙara. Malam Habu ne, ya ce ga Alaramma. "Ɗan Musa, an ce tarihinmu ya ɓace a waya. Kada ka damu, yana nan a kaina, har na fara biya wa jama'a. Na kuma ƙara na ubanka da tuluna a ƙarshe."

Na ce, "Na gode, Malam. Shi ma da 'ana buƙatar hujja'?"

"A'a," in ji shi. "Wannan ina wurin."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Gwaggo Yagana da tuwonta, da Sabo direba duk da abin da ya yi mini a shinge, da mutanen Garin Tanki. Mai Tsintsiya kuma na yafe masa, gaskiyarsa ce. Na roƙi Alaramma ya mayar da tankin arewa a karatunsa, ya ce sai ya gani a rubuce.