Na Goya Gero Kafin Na Goya 'Yata

Assalamu alaikum. Masu tambaya ko Falmata tela ta rufe shago ne, ko lamba ta canja, to ga ni. Ban ɓata ba. Baya ne ya kwantar da ni, sai yau na ji zan iya ba da labarin.

Abin ya faro ne bayan na haifi Hanifa. Ina wankan jego a gidanmu nan Azare, na riƙa jin ƙuguna a riƙe. Na ce gajiyar haihuwa ce. Ana yin arba'in na koma kan keke, ga ɗinkin Sallah ya taru, kullum a sunkuye nake yini. Ciwon ya gangaro ƙafar hagu kamar ana jan jijiyar da igiya.

Wata safiya na sunkuya zan goya Hanifa, na kasa miƙewa. Ƙanwata Yagana ce ta karɓe ta. Tun daga ranar, bayan Yagana ya zama na Hanifa.

Inna, mahaifiyata, ba ta ɓata lokaci ba: "Wankan ne bai kama ki ba. Ai ina ganinki kina gudun ruwan zafi." Aka sake dafa ruwa da darbejiya, aka sake dama kunun kanwa, aka ɗauko mai tausa daga Gadau. Sannan aka kafa min doka, kwanciya. Ko buta na miƙa hannu zan ɗauka sai ta ce, "Ajiye. Mai jinya ba ta aiki."

Ƙauna ce, na sani. Amma na shafe watanni a katifa, masu dubiya na shige da fice, kowa da maganin da ya warkar da gwaggonsa, ni kuwa kullum gwamma jiya da yau.

Ba ciwon ne ya fi ci min rai ba, Hanifa ce. In tana kuka aka miƙo min ita, sai ta banƙare tana neman Yagana. Ranar da bakinta ya fara haɗa "Mama", Yagana take kallo. Aka yi dariya, na taya su, sannan na juya fuska bango na yi kukana.

Baban Hanifa ya ce ya isa haka, asibiti za mu. Yankan kati, layi tun sassafe, gwajin jini, hoton baya. Daga nan aka tura mu Kano yin babban hoto, irin wanda ake zura mutum cikin na'ura. Tunkiyata ta tafi a kuɗinsa. Ina ciki ina salati, tsorona kar a ce sai an yanka ni, kar a ce tafiya ta ƙare.

Likita ya ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya ɗan turo yana danne jijiya. "Ba sai an yi aiki ba," in ji shi. Ya tura ni ɓangaren gashin ƙashi.

Malamar da ta karɓe ni a can ta tambayi yadda nake yini. Na ce a kwance.

"To daga yau kwanciya ta ƙare," ta ce. "Bayanki bai karye ba, rashin motsi ne ya ƙara raunana shi. Me kike so ki iya yi?"

Na ce goyo.

Ta ce, "Can za mu nufa."

Ta koya min motsa jiki, wasu a rigingine, wasu a durƙushe. Inna ta shigo ɗaki ta same ni bisa hannu da gwiwa, Hanifa na gefena ita ma tana rarrafe. Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Rarrafe aka koya miki a asibitin? To wace ce yayar a cikinku?"

Ba zan ɓoye muku ba, da farko jikina ya yi tsami har na so in bari. Ban bari ba. Na fara tafiya daga ɗaki zuwa zaure, daga baya har bakin layi.

Da ƙarfi ya fara dawowa, malamar ta ce in gwada goya abu marar nauyi. Na zuba gero a ɗan buhu, na goya shi da zani ina zagaya tsakar gida, ana ƙara min kaɗan-kaɗan. Maƙwabta suka samu abin yi: "Maman gero, ya jaririn ya kwana?" Ni kuma in ce lafiya lau, ba kuka ba fitsari.

Ranar da malamar ta ce na isa, Innar da ta hana ni ɗaukar buta ita ta ɗago Hanifa ta ɗora min. "Lanƙwasa gwiwa," ta ce, "kamar yadda malamarki ta nuna."

Na ɗaure zani. Hanifa ta hau turje-turje tana kiran Yagana. Yagana, Allah Ya saka mata, ta sulale ɗaki ta ja labule. Na yi ta zagaye ina jijjiga ta. Can sai na ji kumatunta a tsakanin kafaɗuna, jikinta ya saki. Na tsaya cak a wurin, hawaye na zuba, ina tsoron in motsa ta farka.

Alhamdulillah. Na gode wa Baban Hanifa, da Yagana, da Inna, da malamar da ta tambaye ni abin da nake so.

Ciwon yakan leƙo har yanzu in na daɗe a keke, amma na san abin da zan yi masa.

Shawarata: ciwon baya in ya ƙi tafiya, ku je asibiti. In ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari ya ƙi riƙuwa, kar ku kwana a gida. Motsin da aka koya min nawa ne, ku bari a duba ku a ba ku naku. 'Yan uwana teloli, ku riƙa tashi kuna miƙewa. Masu jinya kuma, in likita ya ce mutum ya motsa, ku bar shi ya ɗauki butarsa.

Geron nan mun dama kunu da shi. Hanifa kuwa yanzu haka tana bayana tana barci, yawunta ya jiƙa min riga, kuma ba na sauke ta.